Tsohon bulo da sabo a Seneca Falls

Kwana uku bayan mun yi arba'in, Auta ta ce yau kam sai na fita na ga gari. Tun da na sauka Syracuse, a jihar New York, don zaman jegonta, ban san ko'ina ba sai kicin, ɗakin jaririya da kantin da muke sayen kayan miya. Na ce mata ni ba na son yawon kantuna, gwiwata ba ta jurewa. Ta ce, "Umma, ba kanti ba ne. Coci zan kai ki." Na bi ta da kallo. Sai ta ce tsohon coci ne, an fi shekara 150 da daina ibada a cikinsa, kuma ta tabbata duk wadda ta yi shekara 31 tana koyar da tarihi a makarantun 'yammata a Zariya ba za ta ce an ƙona mai a banza ba.

Muka ɗaure Ummi a kujerarta ta baya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na iya kiran sunan, sai Ummi. Na zauna kusa da ita, filas ɗin shayi da ledar dambun nama a ƙafata, Auta ta ja mota muka hau babbar hanya mai lamba 90 muka miƙi yamma.

Watan Agusta ne. Gonakin masara hagu da dama, kore shar, sun yi goyo, kamar hanyar Saminaka a tsakiyar damina, sai dai babu mutum ko ɗaya a cikinsu, babu mai noman biyu, babu yaro mai kai abinci gona. Muka ratsa wata ƙatuwar fadama da ake kira Montezuma, ruwa kwance da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ba. Kafin Ummi ta farka mun sauka daga babbar hanya mun shiga gari.

Seneca Falls ƙaramin gari ne ƙwarai, mutanensa 'yan dubbai ne. Sunan ya haɗa abu biyu: Seneca, ɗaya daga cikin al'ummomin da suke ƙasar tun kafin zuwan Turawa, da kuma gangaren da ruwan kogi yake zubowa da ƙarfi. Na tambayi Auta ina gangaren, ta ce babu. A 1915, da aka faɗaɗa hanyar ruwan da jiragen kaya ke bi, an datse kogin, ruwa ya shanye gangaren tare da unguwar masana'antun da ke bakinsa, wurin ya zama tafki. Ƙarfin wannan ruwa ne ya kafa garin, shi ke juya injunan niƙa da na saƙa, kuma har yau an san garin da ƙera famfon ruwa. Sunan ya rage, abin da ya jawo sunan yana ƙarƙashin tafki.

Cocin yana kan babban titin garin, titin Fall, daidai kwanar da ya haɗu da titin Mynderse. Da Auta ba ta nuna mini ba, da na wuce shi. Babu hasumiya, babu ƙararrawa, babu gilasai masu launi irin na manyan coci-cocin da nake gani a Syracuse. Gini ne na bulo mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi faɗinsa, da jinka mai gangare biyu, kamar sito. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne bulon kala biyu ne. Akwai ja mai duhu, wanda ya ci duniya, duk tabo da ramuka. Akwai kuma mai haske, sumul, wanda da gani ka san jiya-jiyan nan aka ɗora shi. Inda suka haɗu ba a yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, layin ya tafi a karkace kamar facin da aka yi wa tsohon zani da sabon ƙyalle.

Ba a biyan ko sisi a shiga. Muka fara da ginin karɓar baƙi da ke kusa, inda aka jera mutum-mutumin tagulla na mutanen da suka halarci taron da ya sa aka san garin. Wata ma'aikaciya mai riga ruwan toka da koren wando da malafa mai faɗi ta tara mu, mu wajen goma sha biyu, ta kai mu cikin cocin. Na zauna a benci na biyu, Ummi a cinyata. Bencinan ba na asali ba ne. Na asali su ne wasu sassan bangon gefe biyu, da katakan da ke riƙe da jinka, da ɗan guntun shafe da ya maƙale a jikin bulo nan da can.

Yawancin waɗanda muka shiga tare labarin taron neman 'yancin mata da aka yi a ɗakin a 1848 suka zo ji. Ni ma shi na sani, don na sha ambatonsa a aji a gurguje. Amma abin da ya tsaya mini a rai tun a kan bencin nan shi ne labarin waɗanda suka gina ɗakin, kuma shi ne aka fi saurin wucewa.

John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Methodist a Ingila, ya rasu a 1791 yana la'antar cinikin bayi. Bayan shekara hamsin, babban cocin Methodist na Amurka ya cika da masu bayi a jihohin kudu, kuma shugabanninsa, don gudun ɓaraka, suka riƙa toshe bakin duk limamin da ya ɗaga maganar. Wasu suka ce ba za su iya ba. A 1843 suka taru a garin Utica, a wannan jihar, ƙarƙashin jagorancin irin su Orange Scott da Luther Lee, suka ɓalle, suka kira kansu Methodist na Wesley, wato masu komawa ga abin da mai tafarkin ya bari. A shekarar nan ce wasu 'yan tsiraru a Seneca Falls suka fice daga coci-cocinsu, suka haɗa kuɗi, suka gina wannan ɗaki.

Duk wanda ya tashi a ƙaramin gari ya san nauyin wannan. Ka bar wurin ibadar da iyayenka suke, wanda mai ba ka aiki yake, wanda surukanka suke, ka koma gefe da 'yan mutane kaɗan ana nuna ku da baki a kasuwa. Akwai wata mata mai suna Rhoda Bement da ke cocin Presbyterian na garin. Ta tare limaminsu ta tambaye shi dalilin da ya ƙi sanar da laccar Abby Kelley, wata mai yaƙi da bauta da ta zo garin. A kan wannan aka zaunar da ita gaban dattawan coci aka tuhume ta, ƙarshe ta bar su ta dawo nan. Cikin masu ibada a ɗakin har da baƙaƙen fata da suka tsero daga bauta suka zauna a garin suna sana'arsu. Kuma mutanen suka ɗauki wata al'ada: duk mai maganar gyaran al'umma da aka hana shi ɗaki a wani wuri, su za su buɗe masa nasu. Sun ɗanɗana yadda ake rufe wa mutum baki, ba su yarda su yi wa wani ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da mata biyar suka nemi wurin taro bayan shekara biyar, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Asalin maganar daga Landan ta taso. A 1840 an yi babban taron yaƙi da bauta na duniya a can, aka hana wakilai mata zama cikin mahalarta, aka ware su gefe. A nan Lucretia Mott, mai wa'azi a ɗariƙar Quaker, ta haɗu da wata amarya, Elizabeth Cady Stanton, 'yar wani alƙali. Shekara takwas suka wuce. Stanton ta dawo Seneca Falls da zama a 1847, da yara maza uku ƙanana, miji kullum a tafiye, aikin gida ya sha mata kai. Ranar Lahadi 9 ga Yuli 1848 aka gayyace ta shan shayi gidan Jane Hunt a Waterloo, garin da ke maƙwabtaka, ta tarar da Mott da ƙanwarta Martha Wright da Mary Ann M'Clintock. Hira ta yi hira, ta amayar da abin da ke cikinta. Kafin su tashi sun rubuta sanarwa a kai wa jaridar yankin. Kwana goma kacal suka ba kansu.

Safiyar Laraba 19 ga Yuli mutane suka iso a kekunan doki, suka tarar da ƙofa a kulle, ba a ga mai mabuɗi ba. Sai aka ɗaga wani yaro, ɗan 'yar'uwar Stanton, aka zura shi ta taga ya zare sakata. Da ma'aikaciyar ta faɗi wannan na waiwaya ina duban tagogin. Na san irin wannan safiya. Na sha tara 'yammata don wani taro mu tsaya a rana muna jiran mai gadi.

Kimanin mutum 300 suka halarta cikin kwana biyun. Stanton, tana da shekara 32, ta karanta takardar koken da suka tsara a kan salon takardar 'yancin kan Amurka ta 1776. Inda waccan ta ce an halicci dukkan maza daidai, su suka rubuta an halicci dukkan maza da mata daidai. Sannan suka jero koke-kokensu: matar aure ba ta da iko da dukiyarta har da ladan aikin hannunta, in aure ya mutu 'ya'ya na uba ne, an rufe mata ƙofar manyan makarantu da aikin likita da lauya da limanci, ana karɓar harajinta ba ta da bakin magana a kan masu yin doka.

Nan na yi shiru ina lissafi. A watan Afrilun shekarar ce jihar New York ta fara yin dokar da ta bar wa matar aure dukiyar da ta shigo da ita, ladan aikinta kuwa sai 1860. Na raɗa wa Auta cewa mu fa wannan an ba mu tun ƙarni goma sha biyu kafin su: sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, cinikinta nata ne, miji ba shi da hannu a ciki. A shekarar da suke wannan taro Nana Asma'u tana raye a ƙasar Sakkwato, tana naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Auta ta gyaɗa kai, sannan ta ce a hankali, "Haka ne, Umma. To gonar Gwaggo fa?"

Ban amsa ba, don ta fi ni gaskiya. Ƙanwar mahaifina ce. Da aka raba gadon kakanmu an ambaci rabonta a gaban malamai, an auna, an kafa shaida. Amma 'yan'uwanta maza suka riƙe, wai kada gonar gida ta tafi gidan wani. Duk kaka a aiko mata da buhu ɗaya kamar sadaka. Ta rasu ba ta taɓa sa ƙafa a cikinta a matsayin mai ita ba. Abin da littafi ya ba ta, mutane sun hana ta, kuma babu ɗakin da ta san za ta shiga ta faɗa a saurare ta. Ina zaune a cocin mutanen da ba addininmu ɗaya ba, a wata nahiya, Gwaggo ce ta cika mini ido.

Duk shawarwarin da aka gabatar a taron sun wuce ba gardama, ban da ta tara, wadda ta nemi a ba mata ƙuri'a. Ita kanta Mott ta ji tsoron za ta sa a mai da su abin dariya. Mijin Stanton ma barin garin ya yi. Wanda ya miƙe ya goya mata baya shi ne Frederick Douglass, wanda aka haifa cikin bauta a Maryland, ya tsere a 1838, yake buga jaridarsa a Rochester. Maganarsa ce ta karkato da mutane, shawarar ta tsallake da ƙyar. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68, maza 32. Da jaridu suka fara yi musu ba'a, wasu suka janye sunayensu. Takardar asali mai ɗauke da sa hannun ta ɓace, abin da ake da shi yau shi ne wanda aka buga a maɗaba'ar Douglass. Bawan da ya 'yanta kansa shi ya adana wa matan maganarsu.

Sai a 1920 aka sa ƙuri'ar mata a tsarin mulkin Amurka, bayan shekara 72, kuma mata baƙaƙe a jihohin kudu sun ci gaba da fuskantar shinge har 1965. Cikin matan da suka sa hannu, ɗaya ce tak ta kai 1920 da rai, Charlotte Woodward, wadda ta zo taron tana budurwa mai ɗinkin safar hannu a gida. Ranar zaɓen tana kwance ba lafiya, ba ta samu fita ba.

Ummi ta fara mutsu-mutsu, na miƙa wa uwarta, na tashi na bi bango. A nan ne sauran tarihin yake, a rubuce a jikin bulo. A 1871 masu cocin suka sayar da ginin suka koma wani sabo. Wanda ya saya ya ƙara masa tsawo ya mai da shi zauren taro da wasan kwaikwayo. Daga baya ya zama silima. Ya zama wurin sayar da motoci da gyaransu, aka fasa bango aka yi ƙofar da mota za ta shige. Daga ƙarshe, fiye da shekara ashirin, shagon wanki ne, irin mai injuna a jere da ake zura musu sulalla. Kowane mai shi ya fasa inda ya ga dama, ya toshe inda ya ga dama. Na ga inda aka cike tsohuwar taga, na ga ramukan da aka kafa katako aka cire, na ga baƙin tabo da ban san na mene ne ba sai na sa yatsa na ji kaushinsa. Bulon yana da sanyi duk da zafin da ake yi a waje, gefensa ya lallashe, har wani jan gari ya biyo yatsana.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma da na ƙara tunani sai na ga ba don gareji da shagon wankin ba, da ko wannan bai rage ba. Ginin da ake amfani da shi ana gyara masa rufi. Wanda aka bari don girmamawa kawai, ba mai shiga ba mai fita, shi damina ke ci. Na ga haka da idona a ganuwar Zazzau, wadda muke yara muna hawa, yau wurare da yawa sai dai a nuna maka inda take a da.

Ba a manta da wurin ɗungurungum ba. Tun 1908, da taron ya cika shekara 60, aka manna allon tagulla a bangon waje. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta kafa wurin tarihi na 'yancin mata a garin, a 1985 hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare ta sayi ginin. Aka rushe duk abin da aka ƙara, aka bar abin da ya tabbata na 1843 ne, ya tsaya a buɗe kamar kango, iska na ratsa shi. Sai aka ga ruwa da ƙanƙara suna cinye ɗan abin da aka ceto, shi ne wajen 2010 aka sake rufe shi da sabon bulo mai haske. Wannan shawara ta burge ni. Da sun so, da sun nemo bulo mai kama da tsohon, su shafe komai, baƙo ya zo ya ɗauka haka ɗakin yake tun fil azal. Suka zaɓi kowa ya gani da idonsa: wannan shi ne ya ji muryar Stanton da Douglass, wannan kuwa mu muka sa. A aji na sha gaya wa ɗalibaina su rarrabe abin da shaida ta nuna da abin da marubuci ya cike da shi. Ban taɓa ganin an gina wannan darasi da bulo ba sai ranar.

Tsakanin cocin da ginin baƙi akwai fili mai ciyawa, da dogon bango na dutse wanda ruwa ke gangarowa a kansa ba tsayawa. An sassaƙa takardar koken gaba ɗaya a jiki, da sunayen mutum ɗarin. Na bi da hannu cikin ruwan har na samu Charlotte Woodward. Hannun rigata ya jiƙe har gwiwar hannu.

A nan na ba Auta labarin da ban taɓa ba ta ba. Matan Arewacin Najeriya ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, shekaru bayan 'yan'uwansu na kudu. Hajiya Gambo Sawaba, a garinmu, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana tun zamanin NEPU. Ranar 11 ga Agusta 1979, zaɓen shugaban ƙasa, ni na raka Inna rumfar zaɓe, ina da shekara 19. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin da take zuwa biki da shi, ta sa turare. Layin mata ya yi tsawo har bayan makarantar. Da ta fito ta riƙa kallon tawadar da ke babban yatsanta, a hanya ba ta ce mini komai ba. Da muka isa gida za ta yi alwala sai na ga ta tsaya jim tana duban yatsan kafin ta zuba ruwa.

Auta ta ce, "Wa ta zaɓa?" Na ce har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba, har Baba. Ta ce nata ne.

Azahar ta yi. Muka gangara bakin ruwa, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, muka yi salla bi da bi, ɗaya na riƙe da Ummi. A tsallaken ruwan ga tsohuwar masaƙa ta farin dutse, ginin 1844, wadda yanzu ta zama gidan tunawa da fitattun matan Amurka. Muka ci dambu da burodi, muka sha shayi. Mun so mu leƙa gidan Stanton da ke ɗaya ɓangaren garin, amma Ummi ta gaji, kukanta ya canza, muka kama hanya.

Washegari da safe na kwashi kayan Ummi na sauka ƙasan benen da su Auta suke haya, inda injunan wanki suke a jere, shida, da benci ɗaya. Na zuba kaya, na zura sulalla, inji ya fara juyi. Wata dattijuwa baƙar fata tana ninke zannuwan gado a gefe, muka gaisa da kai. Na zauna ina tunanin matan Seneca Falls da suka yi shekara da shekaru suna shiga wancan ɗaki da kwandon wanki a kunkumi, yaro na jan riga, suna wuce allon tagullan da ke bango. Wasu sun tsaya sun karanta, wasu sauri bai bar su ba. Na ɗaga kai na dubi bangon da ke gabana, an shafe shi da farin fenti, ba a ganin bulon. Dattijuwar ta nuna mini da hannu cewa injin busarwa na ƙarshe ya fi sauran zafi, na tashi na mai da kwandona kusa da shi.